Shawara Ɗaukar Ɗaki: Matan 'Yan Asalin Amurka da Taron Shekara-Shekara

Waɗanda suka riski ƙarshen zamanin gidan silima a cikinmu, ko kuwa suka yi cincirindo a tagar maƙwabci don kallon talabijin baƙi-da-fari, ba su buƙatar a gabatar musu da mutanen da muke kira Indiyawan Daji. Mun gan su da gashin tsuntsu a ka, da kwari da baka, suna kururuwa bisa dawaki, kaboyi yana kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna tafi muna sowa, ba tare da ko sau ɗaya mun tsaya mun tambayi kanmu wane ne mai gida, wane ne kuma ɓarawo a cikin wannan faɗa ba. Sunan ma da muka laƙa musu kuskure ne ninki biyu. Ba Indiyawa ba ne, ɓatan kai ne na Kolumbus wanda ya sauka a tsibiransu a 1492 yana zaton Indiya ya iso. Ba kuma 'yan daji ba ne, al'ummu ne masu harsuna da shugabanni da hanyoyin shari'a tun kafin Bature ya san akwai ƙasa a wancan gefen teku. Saboda haka a wannan maƙala za mu kira su 'yan asalin Amurka, mu kira ƙungiyoyinsu al'ummu, domin kalmar ƙabila ta yi musu kaɗan.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da gwamnatin tarayyar Amurka take alfahari da ita, wadda kuma muka ji wasu daga cikin masananmu, musamman masu zuwa tarurrukan ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mata, suna yabawa har suna cewa abin koyi ce. Al'adar ita ce, sau ɗaya a kowace shekara Ma'aikatar Shari'a ta Amurka takan gayyaci shugabannin waɗannan al'ummu, fiye da 570 da gwamnati ta amince da su, a zauna a yi abin da suka kira tuntuɓar gwamnati da gwamnati a kan yadda za a kare matansu daga duka da fyaɗe da kisa. Mu ra'ayinmu, kuma ba za mu yi masa kwaskwarima ba, wannan zama ya fi amfanar mai gayya fiye da waɗanda aka gayyata, kuma duk wanda ya yabe shi bai duba abin da ke ƙarƙashin tabarmar da ake zaune a kai ba.

Bari mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Taron ba na ganin dama ba ne, doka ce ta wajabta shi. A 1994 aka kafa dokar yaƙi da cin zarafin mata a Amurka, a zamanin Shugaba Bill Clinton. Da aka zo sabunta ta a 2005 sai aka shigar da babi guda na musamman a kan matan 'yan asali, a ciki kuma aka ɗora wa Atoni-Janar nauyin ya zauna da gwamnatocin al'ummun kowace shekara, ya nemi shawararsu a kan yadda ake sarrafa kuɗin da aka ware musu, da yadda za a ƙara wa mata tsaro, da yadda gwamnatin tarayya za ta gyara nata aikin. An yi zaman farko a 2006. Gyaran 2013 ya ƙara da cewa lalle a ba da sanarwa kwana 120 kafin ranar taro, a kuma kai wa Majalisar Dokoki rahoton abin da aka faɗa da abin da aka yi a kansa. A 2020, da annobar korona ta hana tafiya, ta intanet aka zauna. A 2022 an je Ankorej ta Jihar Alaska, a 2023 aka yi zama na goma sha takwas a Tulsa ta Jihar Oklahoma. Ta fuskar tsari da cika lokaci, ba mu da abin cewa. Mu da muka saba da kwamitin da ake rantsarwa yau, gobe a neme shi a rasa, ai sai mu sara.

To amma masu iya magana da suka ce shawara ɗaukar ɗaki, sun san abin da suke nufi. Idan an gama ɗaurin jinka a ƙasa, an kira maƙwabta, kowa yakan sa kafaɗa ne a ɗaga ta a aza bisa gini, kafin la'asar mai ɗaki ya shiga inuwa. Ba a taɓa kiran gayyar ɗaukar ɗaki don a zo a zagaye jinka, a yaba kyawun ɗaurinta, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta, sa'annan a watse a ce sai baɗi ba. Tambayar da ta dace da kowane taron shawara ita ce: me aka ɗaga?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. A 2016 cibiyar bincike ta ita kanta Ma'aikatar Shari'ar ta fitar da sakamakon wani nazari wanda ya nuna cewa fiye da kashi 84 cikin ɗari na matan 'yan asalin Amurka da na Alaska sun taɓa gamuwa da wani nau'in cin zarafi a rayuwarsu, wato fiye da huɗu cikin kowace biyar. Kashi 56 kuma cin zarafin ya shafi keta mutuncinsu ne ta hanyar lalata. Sai kuma adadin da ya kamata a ja wa layi: daga cikin waɗanda aka keta wa mutunci, kashi 96 cikin ɗari sun ce aƙalla sau ɗaya wanda ya aikata musu ba ɗan asali ba ne. Wannan ba ya wanke mazan gida, domin nazarin ya nuna su ma suna da nasu kason, kuma matan da kansu ba su ɓoye haka. Sai dai a galibin al'ummun duniya, mace daga hannun nata take shan wuya; a nan kuwa baƙo ne a kan gaba, da tazara mai nisa. Abin da ya saɓa wa al'ada irin haka ba ya rasa dalili, kuma dalilin ba a ɓoye yake ba. A rubuce yake cikin kundin hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli.

A watan Agusta na 1973, ana cikin bikin shekara na al'ummar Sukwamish a Jihar Washinton, 'yan sandan al'ummar suka kama wani Bature mai suna Mark Oliphant, mazaunin yankinsu, bisa zargin ya doki ɗan sanda. Shi kuwa ya ce kotunsu ba ta isa ta yi masa shari'a ba. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a ranar 6 ga Maris 1978, da rinjayen alƙalai shida a kan biyu, ta bakin Mai Shari'a William Rehnquist, ta ce gaskiyarsa: kotun 'yan asali ba ta da hurumin hukunta wanda ba ɗan asali ba, ko da a tsakiyar ƙasarsu ya yi laifin, sai fa idan Majalisa ce ta ba ta wannan iko. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Mutum ya auri 'yarka, yana zaune a garinka, yana shan ruwan rijiyarka, ya karya mata haƙarƙari a gaban 'ya'yanta, amma alƙalin garin ba shi da ikon ya ɗaure shi ko na kwana ɗaya. Sai an jira lauyan gwamnatin tarayya da ke wani birni mai nisan ɗaruruwan kilomita ya ga dama.

Shin yana ganin damar? Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Amurka ya duba wannan a 2010. Ya gano cewa tsakanin 2005 da 2009 lauyoyin tarayya sun ƙi gurfanar da kusan rabin ƙararrakin da aka miƙa musu daga yankunan 'yan asali, kuma a cikin waɗanda suka shafi fyaɗe da makamantansa, kashi 67 cikin ɗari suka yi watsi da su. A lura da shekarun. Huɗu daga cikinsu shekaru ne da ake zaman tuntuɓa. Hannun dama yana zuba wa baƙi shayi a zauren taro, hannun hagu yana mayar da fayil cikin durowa, kuma duka hannuwan na ma'aikata ɗaya ne.

Ba hukuncin Oliphant ne kaɗai tsagar bangon ba. Tun 1885 Majalisa ta ƙwace manyan laifuffuka, kisa da fyaɗe na ciki, ta mayar da su hannun kotunan tarayya, don fushin da ta yi da hukuncin 1883 wanda ya amince cewa al'ummar Lakota tana da ikon sasanta kisan kai tsakanin 'ya'yanta bisa al'adarta. A 1953 wata doka ta miƙa hurumin yankunan 'yan asali ga wasu jihohi, irin su Kaliforniya da Minesota da Wiskonsin, daga baya aka haɗa da Alaska, ba tare da an nemi yardar masu ƙasa ba, ba kuma tare da an ba jihohin kuɗin aikin ba. A 1968 aka ƙayyade wa kotunan al'ummu cewa iyakar ɗaurin da za su yi wata shida ne. A 1986 aka ƙara zuwa shekara ɗaya. A 2010 aka kai shi shekara uku a kan kowane laifi, da sharuɗɗa. Sakamakon wannan tarin dokoki shi ne, idan aka yi wa mace fyaɗe, kafin a tambayi lafiyarta sai an amsa tambayoyi uku: ita 'yar asali ce? Shi ɗan asali ne? A wane taku na ƙasa abin ya faru, kuma taku ɗin na wane ne a takarda? Kafin 'yan sandan al'umma da na jiha da na hukumar FBI su gama tura wa juna, shaida ta lalace, mai laifi ya tsallaka iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ne. Amma wannan bango da gangan magininsa ya bar tsagar.

Da yake adabi muke koyarwa, ba za mu wuce nan ba sai mun ja hankalin ɗalibanmu ga littafin Louise Erdrich, marubuciya 'yar al'ummar Ojibwe, mai suna The Round House, wanda ya fito a 2012 ya kuma ci babbar kyautar littafi ta ƙasar Amurka a shekarar. Labarin wata mata ce da aka yi wa fyaɗe a 1988 kusa da wani ɗakin ibada na gargajiya, a daidai inda filin al'umma da na jiha da na wani mai zaman kansa suka haɗu. An rufe mata fuska, don haka ba za ta iya cewa ga takamaiman inda aka kayar da ita ba. An san mai laifin, an kama shi, aka sake shi. Mijinta kuwa alƙali ne a kotun al'ummar, yana ji yana gani. Sauran labarin na ɗansu ne mai shekara goma sha uku, da abin da yaro kan zama idan ya gane shari'a ba za ta share wa mahaifiyarsa hawaye ba. Muna yawan gaya wa ɗalibai cewa jigo ba ya tsayuwa sai da warwara. To ga littafin da ya ɗauki batun da ya fi kowane bushewa, wato hurumin kotu, ya mayar da shi abin da ke hana mai karatu barci. A ganinmu ya isar da saƙon da rahotannin taro da yawa suka kasa isarwa, ba don rahotannin sun yi ƙarya ba, sai don an rubuta su da harshen da ba ya sa kowa jin kunya.

Mu 'yan Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan tsari, shi ya sa ma yabon da wasunmu ke yi ya ba mu mamaki. A zamanin En'e, kotun alƙali da majalisar sarki suna da iko a kan talaka, amma ba su da iko a kan Bature, komai ƙanƙantar muƙaminsa, komai girman ɓarnarsa. Kuma Turawan nan ba su taɓa gajiya da tara sarakuna a Kaduna don jin shawararsu ba. Kakanninmu sun san bambancin wanda ake shawarta da wanda ke yanke magana. Bambancin kawai shi ne namu ya kau da tafiyar Turawa, nasu kuwa Kotun Ƙoli ta sake jaddada shi shekara goma sha takwas bayan mun sami 'yanci.

Yanzu ga hujjar masu yabo, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa ai daga irin wannan zama ne aka sami gyaran 2013. Gaskiya ne cewa a 2011, bayan ta tuntuɓi shugabanni, Ma'aikatar Shari'a ta aika wa Majalisa daftarin dokar da za ta mayar wa kotunan al'ummu wani yanki na ikonsu a kan baƙi, kuma Shugaba Barack Obama ya sa hannu a ranar 7 ga Maris 2013. Mun yarda. Amma a faɗi labarin duka. Wannan sashe na dokar sai da ya kusa kifar da dokar baki ɗaya, domin 'yan majalisa da yawa sun ƙi shi ƙememe a 2012, har Sanata Chuck Grassley ya fito fili yana cewa wanda ba ɗan asali ba ba zai sami adalci a gaban masu taya alƙali 'yan asali ba. Abin da ya karya wannan turjiya ba takardar bayan taro ba ce. Mata ne. Tillie Black Bear ta al'ummar Lakota, wadda tun ƙarshen shekarun 1970 ta kafa ƙungiyar ba mata mafaka a yankin Rosebud, ta shafe fiye da shekara talatin tana wannan kira kafin rasuwarta a 2014. Deborah Parker, mataimakiyar shugaban al'ummar Tulalip, ta tsaya gaban 'yan jarida a Washinton a watan Afrilu na 2012 ta ba da labarin abin da aka yi mata tana ƙaramar yarinya, abin da kowace mace za ta so ta tafi da shi kabari. Irin wannan ne kuɗin da aka biya. Wanda ya ce taro ne ya kawo gyara, kamar wanda ya ga an ci kasuwa ne ya yaba wa rumfa.

Sa'annan a dubi abin da aka bayar. Ikon 2013 bai wuce dukan miji ko saurayi da karya umarnin kotu na nisantar mace ba, kuma sai idan mai laifin yana zaune a yankin, ko yana aiki a can, ko yana tare da 'yar yankin. Baƙon da ya tsaya da motarsa a gefen hanya ya yi fyaɗe ya wuce, ba ya ciki. Idan miji ya doki matar ya haɗa da 'ya'yan, ana iya tuhumarsa a kan uwar, ba a iya tuhumarsa a kan yaran. Al'ummun Alaska fiye da ɗari biyu kuwa, in ban da guda ɗaya, tsame su aka yi. Al'ummu uku ne suka fara gwaji a 2014: Paskuwa Yaki a Arizona, da Tulalip a Washinton, da Umatila a Oregon. Zuwa 2018, bisa rahoton babbar ƙungiyar al'ummun 'yan asali ta ƙasa, al'ummu 18 ne ke amfani da ikon, an yi kamu 143, an sami mutum 74 da laifi, an wanke biyar, kuma babu ko mutum ɗaya da ya garzaya kotun tarayya yana kukan an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Shari'ar farko ma da aka yi gaban masu taya alƙali a Paskuwa Yaki, sallamar wanda ake tuhuma aka yi. Tsoron da Sanata Grassley ya baza bai tabbata ba. Duk da haka sai da aka ƙara shekara tara, wato a 2022, kafin a faɗaɗa ikon ya haɗa da fyaɗe da cin zarafin yara da safarar mata da bibiyar mace don tsoratarwa, a kuma buɗe wa Alaska ƙofar gwaji. Har a wannan lokaci al'ummun da suka iya ɗaukar ikon ba su wuce talatin da 'yan kai ba daga cikin fiye da 570, domin dokar ta shardanta musu su samar da alƙali mai digirin lauya, da lauya kyauta ga wanda ake tuhuma, da wurin tsarewa, alhali yawancinsu ba su da kuɗin. Wanda kuma aka kama da laifin fyaɗe, iyakarsa shekara uku a kan laifin.

Akwai wani abu da ya faru a 1990 wanda a ganinmu ya isa ya rufe bakin duk mai cewa irin wannan gyara dole ya ɗauki lokaci. A watan Mayu na shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci a shari'ar Duro, inda ta ce kotun al'umma ba ta da iko ko a kan ɗan asalin da ya fito daga wata al'umma dabam. Kafin shekarar ta ƙare Majalisa ta yi doka ta mayar da ikon, a 1991 ta mai da shi na dindindin, a 2004 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa Majalisa tana da hurumin yin haka. Wata shida ke nan, ba taron shekara-shekara, ba sanarwar kwana 120. Da wanda ake tuhuma ya zama ɗan asali, nan da nan aka gane cewa barin gari ba hukunci haɗari ne. Da ya zama Bature, sai aka shekara talatin da biyar kafin a ba da loma ɗaya. Ba jahilcin matsalar ne ya hana gyara ba, balle a ce sai an tambaya an ji. Ƙungiyar Amnesty ta bayyana ta dalla-dalla a 2007. Hukumar da dokar 2010 ta kafa don duba harkar tsaro a yankunan ta kai rahotonta a 2013, ta ba da shawarar a bar kowace al'umma da ta shirya ta karɓi cikakken ikonta. Shugabanni kuwa sun maimaita buƙatar a soke hukuncin Oliphant a zama bayan zama. Wanda ya tambaye ka abu ɗaya sau goma sha takwas, ka ba shi amsa ɗaya sau goma sha takwas, ba amsar yake nema ba.

Wani gurbin da taron bai iya cikewa shi ne na birni. Mafi yawan 'yan asalin Amurka, wajen bakwai cikin goma, ba a keɓaɓɓun yankuna suke zaune ba, suna cikin birane, kuma siyasar gwamnati ce ta shekarun 1950 ta kwashe da yawa daga iyayensu zuwa can. Shugaban al'umma ba shi da ta cewa a kan 'yan sandan birni. Savanna LaFontaine-Greywind, 'yar al'ummar Spirit Lake mai shekara 22, da cikin wata takwas, a birnin Fargo na Dakota ta Arewa maƙwabciyarta ta kashe ta a watan Agusta na 2017 ta cire jaririyar. Bayan kwana takwas masu yawo a kwalekwale suka ga gawarta a kogi. A 2018 wata cibiyar lafiyar 'yan asali da ke Siyatil ta bayyana cewa a 2016 kaɗai an kai rahoton ɓatan mata da 'yan mata 5,712, amma 116 ne kawai suka shiga rumbun bayanan ɓatattu na Ma'aikatar Shari'a. Waɗanda suka yi binciken wannan cibiya mata ne 'yan asali, da ɗan abin da ke hannunsu, suna bin ofisoshin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya, wasu su amsa, wasu su nemi a biya su, wasu su yi shiru. A ƙauyukan Alaska kuwa, binciken 'yan jarida na 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin kowane gari uku ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Sai jirgin sama ya kawo shi, in yanayi ya bari. Mace takan kwana, wani lokaci kwanaki, ba ta yi wanka ba don kada shaida ta wanke, wanda ya yi mata abin kuwa yana gida na uku daga nasu.

Za a ce mana da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana ta mayunwaci ce da aka ba shi ɗumame, ba ta wanda aka ƙwace wa rumbu ba ce. Ikon hukunta mai laifi a cikin ƙasarsu ba kyauta ba ce da Washinton za ta yi ta gutsura musu gwargwadon ladabinsu. Nasu ne tun asali, kuma ɗaruruwan yarjejeniyoyin da Amurka ta ƙulla da su kafin 1871 shaida ce cewa da ƙasashe ta yi su, ba da ƙungiyoyin unguwa ba. Yarjejeniyar 1868 da Lakota ma ta ƙunshi alkawarin cewa idan wani mugu daga cikin Turawa ya cuci ɗayansu, gwamnati za ta hukunta shi ta kuma biya diyya. Da wannan sashe ne wata budurwa 'yar Lakota ta yi nasara a kotu a 2009, a kan wani sojan ɗaukar kurata da ya ci zarafinta. Ba muna cewa shugabanni su ƙaurace wa taron ba, domin ta nan ake jin inda kuɗin gidajen mafaka ya maƙale, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da muke ƙi shi ne a kira wannan zama na gwamnati da gwamnati, alhali ɗaya ce ke tsara jadawali, ita ke rubuta rahoto, ita ke auna kanta, kuma babu inda doka ta ce tilas ta aikata ko da ɗaya daga abin da aka faɗa mata. Ko a yayin da ake zaman, wani reshe na gwamnatin yana iya rushe abin da ake ginawa: a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Castro-Huerta, da rinjayen biyar a kan huɗu, ta ba jihohi hurumin shiga yankunan 'yan asali su yi shari'ar baƙon da ya cuci ɗan gida, ba wanda ya tambayi masu yankin. Bayan wata uku aka hallara a Ankorej aka ci gaba da tuntuɓa.

A watan Oktoba na 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokoki biyu, ɗaya mai ɗauke da sunan Savanna, ɗaya kuma ta kafa hukumar da za ta binciki batun ɓatattu da waɗanda aka kashe. Deb Haaland, 'yar al'ummar Laguna Pueblo, wadda ta gabatar da ta biyun tana 'yar majalisa, ita ce ta zama ministar cikin gida a 2021, 'yar asali ta farko da ta riƙe kujerar minista, ta kuma buɗe sashe na musamman don waɗannan ƙararraki. Hukumar ta zagaya ƙasa, iyaye da 'yan'uwa suka zo da hotunan 'ya'yansu, suka sake buɗe miki a gaban baƙi, wasu sun yi tafiyar yini guda don su yi magana ta 'yan mintoci. A ranar 1 ga Nuwamba 2023 ta miƙa rahoto mai ɗauke da shawarwari fiye da 300. A farkon 2025, da gwamnati ta canja hannu, aka sauke rahoton daga shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, har sai da sanatocin da suka tsaya wa dokar suka fito suna tambayar inda ya shiga. Sashen dokar da ya wajabta taron shekara-shekara kuwa ba wanda ya taɓa shi, da sanarwarsa ta kwana 120, da rahotonsa zuwa Majalisa.